Agogon da Na Ɗaura wa Kaka

Ku da kuke bibiyar wannan shafin, na ga abin da wasunku suka rubuto: wai saurayi irin nawa sai an tona, in riƙe shi hannu bibbiyu in daina butulci. Na ji, kuma ban ce kun yi ƙarya ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku bari in ba ku labarin agogon tukuna, sannan ku yanke mini hukunci.

Ni ce ƙarama a gidanmu, kowa Auta yake kirana. Tun da Baba ya rasu, Yaya kuma ta yi aure, mu uku muka rage a hawa na biyu na wani dogon gini: ni, Mama, da Kaka wadda ta haifi Mama. Da safe ina aiki a shagon tabarau, ina goge gilashi ina gaya wa mutane wanne ya dace da fuskarsu, in tashi ƙarfe biyu. Mama tana shagon yadinta har magariba. Tsakanin nan, zama da Kaka aikina ne.

Shi kuwa mutumin, Mama tana ce masa Injiniya, da wata murya mai ƙamshin suruki. Ni Mai Tsani nake kiransa, domin a kan tsani na fara ganinsa, ranar da ya zo kafa kyamarori a shagonmu. Ya roƙe ni in riƙe masa tsanin na minti biyar, sai da na riƙe awa ɗaya. Daga baya ya amsa laifinsa cewa tsanin nan ko iska ba ta girgiza shi. Mutum ne mai sanyin magana, mai cire takalmi tun daga matakala, wanda ba ya zuwa gidanmu ya tafi bai gyara wani abu ba. Ina sonsa. Na faɗa tun yanzu kada wani ya ce ban faɗa ba.

Wata rana na fita ban karya ba, jiri ya ɗebe ni a shago na zube. Ba wani ciwo ba ne, yunwa ce. Amma washegari sai ga shi da farin kwali, a ciki baƙin agogo mai santsi, da layinsa na kansa. Ya zauna a bakin kujerarmu mai ruwan toka, ya ɗaura mini, ya haɗa shi da wayarsa.

"Danna nan," ya ce.

Wani dogon rubutu ne ya fito, a ƙasansa an rubuta "Na yarda". Wa yake karanta irin wannan? Na danna, Mama tana ta sa albarka.

Daga ranar, duk takun da na yi, duk inda na tsaya, da yadda zuciyata take bugawa, suna kan wayarsa. Da farko daɗi abin ya yi mini. In na zauna da yawa sai saƙo ya shigo: "Tashi ki miƙe ƙafa." In na makara ban ci ba: "Kada a maimaita." Har wata yamma da ya shigo falo cikin riga mai ruwan ƙasa wadda ta karɓe shi, ya dubi wayarsa ya yi murmushi, ya juyo mini da ita.

"Kafin in shigo bugun zuciyarki tamanin ne. Yanzu ɗari da goma sha biyu. To, ba sai kin faɗa ba."

Muka yi dariya. Amma da ya tafi sai abin ya dame ni. Wata uku ina tanadin kalmar nan ta so, ina juya yadda zan faɗa masa da bakina a ranar da na zaɓa, agogo ya riga ni. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ni ko fuskar ba a tambaya ba.

Yanzu ga abin da ban gaya masa ba, ban kuma gaya wa Mama ba. Ina rawa.

Ba rawar shagali ba, wadda ake ba da labari da jiki nake nufi. Mu takwas ne, duk mata, muna haɗuwa Talata da Alhamis daga huɗu zuwa shida a wani zaure a saman shagon kujeru. Mai koyar da mu Koci muke ce mata: gajeriya ce mai murya kamar lasifika, tsohuwar nas da ta ajiye allura ta koma barkwanci, wai ta gaji da ganin mutane sai suna kuka. Dokarta ɗaya ce. A bakin ƙofa akwai kwandon wanki na roba, duk mai shiga sai ta jefa wayarta a ciki.

Wasan da muke shiryawa shi ma a kan waya yake. Koci tana tsayawa gefe da makirufo tana kwaikwayon muryar na'ura: "Kin zauna da yawa, tashi. Kin tashi da yawa, zauna. Maƙwabciyarki ta yi taku dubu tara, ke da me kika fi buta?" Mu kuma cikin faffaɗan wanduna da dogayen riguna farare muna bin umarnin kamar an ɗaura mana zare, har mu harɗe mu zube. A ƙarshe muryar takan yi shiru, mace ɗaya ta miƙe ta yi rawarta ba mai ƙirga mata. Wannan matar ni ce. A gidanmu ni ce mai miƙo wannan da ɗauko wancan, amma a cikin minti huɗun nan babu wanda yake aikena.

Abin da ya sa na ɓoye kuwa, Yaya ce. Shekara uku da suka wuce wata ta ɗauke ta bidiyo tana rawa a gidan ƙawarta, daƙiƙa ashirin kacal, ta watsa. Mutanen da ba su san ko sunanta ba suka yi mako guda suna yanka jikinta gunduwa-gunduwa da baki. Saura kaɗan auren ya watse. Har yau Yaya ko kai ba ta gyaɗawa in an sa kiɗa, Mama kuma ba ta son jin kalmar rawa ko a rediyo. Ban ga laifinta ba, ita ta kwana da kukan.

Talatar farko da na je da agogon a hannu, ina ɗauko wayata daga kwando na tarar da saƙonni.

"Ɗari da saba'in da ɗaya. Lafiya?"

"Taswira ta nuna kina shagon kujeru."

Na rubuta: "Kujeru na je dubawa."

"Kujeru ne suka kai zuciyarki haka?"

"Tsadarsu ce."

Ya turo fuskar dariya. Da muka haɗu na yi ta maza na ce ya kashe abin daga wayarsa. Bai yi fushi ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya murza hularsa, sannan ya tuna mini abin da na riga na sani: mahaifiyarsa ta faɗi ita kaɗai a ɗaki yana aiki a layin bayansu, bai sani ba sai da ya dawo da yamma.

"Ba zarginki nake ba, Auta. So nake in ga lambar nan tana motsi, hankalina ya kwanta. Me za ki ɓoye mini?"

Ku gaya mini, wace mai imani ce za ta iya amsa wannan? Na ce shi ke nan, a bar shi.

Kaka ce ta warware. Ita kaɗai ta san sirrina, domin ita take korata tun uku da rabi, wai zamana a kanta kamar kaza a kan ƙwai yana hana ta barci. Ranar Alhamis ta gan ni ina ta juya agogon ina tsaki, sai ta ajiye kofin shayinta ta miƙo siririn hannunta.

"Ɗaura mini."

"Kaka, ƙarya ce fa."

"Zuciya yake so ya gani tana bugawa, ko ba haka ba? Tawa ma tana yi. Ta fi taki daɗewa a aikin."

Na ɗaura mata a rami na ƙarshe, duk da haka yana lilo. Na yafa mayafina na sauka da gudu.

Wata biyu muka yi a haka. Duk Talata da Alhamis wayarsa tana nuna masa ina gida, taku arba'in, zuciya sittin da biyu. Har yabona ya riƙa yi.

"Ranakun nan biyu kina da wata natsuwa irin ta manya. In na gaji a kan tsani sai in buɗe in kalla."

Da na karanta wa Kaka, dariya ta yi har da tari. "Ashe ni yake so. Ki gaya masa ya zo mu daidaita, ba ni da tsada."

Amma a zauren rawa abin bai sake ni ba. Ko da hannuna babu komai, ina tsakiyar juyi sai in ga idona ya kai kan tsintsiyar hannu. Koci ta tsayar da kiɗa ta riƙe ƙugu.

"Auta, kina rawa kamar wadda ta zo neman izini. Wa kike jira ya sa miki hannu? Ranar Asabar za mu buɗe wa mutane ƙofa. In ba ki shirya ba ki faɗa, in ba wata."

Na ce na shirya. Wannan ranar Alhamis ce, kuma ita ce ranar mai kaya.

Ƙarfe shida na sa hannu a kwando ina haki, na ɗauko wayata. Kira ashirin da uku. Saƙonnin Mai Tsani a jere, na farko biyar saura kwata.

"Agogo ya ce kin faɗi. Ɗaga waya."

"Auta don Allah."

"Ina hanya."

Sai tazarar minti goma sha tara. Sannan:

"Ba ke ba ce."

"Kaka ce. Muna asibitin bayan kasuwa, ɗaki na huɗu."

"Tana numfashi."

Ban san yadda na sauko matakalar ba. Da farar rigar rawa na tare mota, mayafina a karkace, takalmi ƙafa ɗaya ba a ɗaure ba. Abin da ya fi cin raina a hanya shi ne babu saƙo ko ɗaya da ya ce "Kina ina?"

A baranda na tarar da shi a tsaye, kafaɗar rigarsa a yage. Ƙofarmu ya ɓalla da ita. Ya sami Kaka a ƙasa tsakanin ɗakinta da banɗaki, ya sauko da ita hawa biyu a hannu. Likita ya ce bugun zuciyarta ne ya rikice, da an ƙara rabin awa da labarin ya sha bamban. Na leƙa ɗakin. Kaka tana kwance an sa mata ƙarin ruwa, Yaya a gefen gado, Mama a tsaye da agogon a hannunta. Ta dube ni tun daga kai har ƙafa, ta tsaya a kan faffaɗan wandon.

"Daga ina?"

Ƙaryar ta ƙare mini. "Daga rawa, Mama."

Yaya ta sunkuyar da kai. Mama ba ta ɗaga murya ba, ita in ranta ya ɓaci sosai ƙasa-ƙasa take magana.

"Na bar miki uwata, kika bar ta da agogo. To agogon ya fi ki amana. Miƙo hannunki."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Da ba don abin nan da nake gudu ba, da yanzu muna zaman makoki. Wace hujja ta rage mini? Hawaye na zuba na fara ɗaga hannu, sai muka ji murya daga kan gado, a shaƙe amma da sauran tsiwa.

"Wa ya cire mini agogona?"

"Inna, ki huta," in ji Mama.

"Na huta shekara saba'in da takwas. Ni na ce ta ɗaura mini, ni na kore ta. Da tana gida ma tana kicin da rediyo, sai in mutu ba ta ji ba. Ni nake faɗuwa, ni nake son mai gadi. Ita da ƙafafunta lafiya, gadin me za a yi mata? Maido mini abina."

Mama ta tsaya da agogon, ta rasa hannun da za ta nufa. Daga ƙarshe ta ɗaura wa Kaka, ta fita ba ta kalle ni ba.

Na sami Mai Tsani zaune a kan matakala ta baya, inda masu jinya suke shanya tawul. Na zauna taki biyu a ƙasa da shi. Na yi masa godiya, ya ce ba komai. Na ba shi haƙuri. Can ya ce:

"Ina gudu ina cewa ba zan makara sau biyu ba. Na ɓalla ƙofa ina kiran sunanki. Da na ga Kaka ce, Allah ya yafe mini, daɗi na fara ji kafin tsoro." Ya share fuska da tafin hannu. "Wata biyu ina kallon zuciyar tsohuwa ina cewa na san matar da zan aura."

"Ka san ni. Wannan ɓangaren ne kawai ba ka sani ba."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Na ce ka kashe, ka ce me zan ɓoye. Ba abin kunya nake ɓoyewa ba. So nake in sami abu ɗaya a jikina da ni zan kawo maka labarinsa da kaina. Ranar da ka nuna mini ɗari da goma sha biyu, ka san wata nawa na yi ina shirin faɗa maka? Ka ƙwace mini."

Ya ɗago ya dube ni. Na ga bai taɓa tunanin haka ba ko sau ɗaya, kuma na ga ya ji ciwo.

"To yanzu in na ce in sayo wani?"

"Ba zan ɗaura ba. Ƙaryar da na yi laifina ce, na ɗauka. Barin Kaka ma zan daɗe ina jin sa. Amma ba zan ɗaura ba, ko da hakan zai sa ka fasa." Sai na ƙarasa. "Ranar Asabar ƙarfe huɗu, saman shagon kujeru. In kana son ka san abin da yake kai zuciyata ɗari da saba'in, ka zo ka gani da idonka. Sai dai akwai kwando a bakin ƙofa. Ba a shiga da waya."

Ya kalli wayar a hannunsa, mai shuɗin murfi da tsagewa a kusurwa. Mutumin da ko alwala zai yi sai ya jingina ta inda zai riƙa hango ta.

"Awa nawa?"

"Biyu."

Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Ya miƙe ya ce zai je ya gyara mana ƙofa kafin duhu.

Juma'a ko saƙo ɗaya bai turo ba. An sallami Kaka da jakar magunguna, kuma abin da ta fara yi shi ne ta sa aka mayar da agogon kan wayar Yaya, wai mai gadinta ita za ta zaɓa, kuma ba ta son namiji ya riƙa sanin sau nawa take shiga banɗaki. Mama ba ta yi mini magana ba sai "miƙo" da "ajiye". Na goge farar rigata a ɓoye, sai na tuna ɓoyon ya ƙare, na rataye ta a ƙofar ɗaki inda kowa zai gani. Mama ta wuce ta gabanta sau uku.

Ranar Asabar Yaya ta zo zama da Kaka. Ina ɗaura takalmi ta matso ta gyara mini mayafi, ta ce a hankali, "Ki yi har da nawa."

Huɗu saura minti biyar muna bayan labule, mu takwas, muna jin ƙarar kujeru da tarin mutane. Koci ta hana leƙe, wai mai leƙen 'yan kallo ƙafarta takan mutu. Ban leƙa ba. Amma da aka rufe ƙofa sai mai karɓar baƙi ta shigo da kwandon ta ajiye a kusa da ni, cike da wayoyi, wasu suna ta haske su kaɗai.

A can gefe na hango shuɗin murfi mai tsagewa a kusurwa. A kashe take.

Na sa hannu in gyara mata zama kada ta zame, sai na ga wadda take ƙarƙashinta: 'yar ƙaramar baƙar waya mai madannai, an ɗaure bayanta da robar gashi ja. Ni na ɗaura robar nan da hannuna, ranar da murfin wayar Mama ya karye.

Ban san ko kallo ta zo yi ba, ko kuwa ta zo ta janye ni daga gaban mutane ne. Ban san ko tare suka zo ba. Koci ta riga ta ɗauki makirufo, ta kalle ni ta ɗaga gira.

"Kin shirya, ko in ba wata?"

"Na shirya."

Aka ja labule. Zuciyata tana dukan ƙirjina kamar za ta fito, kuma duk duniya babu wanda ya san nawa take bugawa. Ni ma ban ƙirga ba, na taka.